Wane Ne Ya Kamata A Hana Shi Tuƙi?

Kowace shekara idan watan Disamba ya kama, tashoshin mota a Jos da Kaduna da Kafancan da Numan da Biliri sukan cika maƙil da jama'a masu komawa gida bikin Kirsimeti, kuma kowace shekara kafin a shiga sabuwa sai mun zauna zaman makoki a gidan wani daga cikinmu wanda ya tashi lafiya amma bai kai gida ba. Mukan ce tsautsayi ne, mu yi wa iyalinsa ta'aziyya, mu watse. Da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya ko mutumin da ya riƙe sitiyari a ranar ya cancanci riƙe shi. Wannan tambaya ce muke so mu duba tare a yau, wato su wane ne ya kamata a hana su tuƙi, kuma da wane ma'auni za a gane su.

Bari mu fara da labarin mutum biyu da muka sani a garinmu, ba tare da mun ambaci sunayensu ba. Na farko gurgu ne, ciwon shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana jariri. Ya yi sana'ar ɗinki, Allah ya sa masa albarka, ya sayi mota mai otomatik, makaniki ya ɗaura masa ƙarfe a gefen sitiyari wanda yake matsa birki da totur da hannu. Duk lokacin da ya tsaya ya fito da sandunansa, sai ka ji mutane suna cewa, "Kai, har da wannan aka bari a kan titi?" Akwai waɗanda ya tsaya zai rage musu hanya suka ƙi shiga. Shekaru ke nan yana tuƙi, ko akuya ba mu ji ya buge ba.

Na biyu dattijo ne mai mutunci, tsohon direba, wanda ya daɗe yana jan bas ɗin ikilisiya. Idan ka gan shi da babbar rigarsa ba za ka ce yana da wata larura ba. Amma 'ya'yansa sun lura cewa ba ya gane mutum daga nesa sai ya ji muryarsa, matasa sun lura gefen bas ɗin yana ta samun ƙarce, mata kuma sun lura cewa da dare, idan wata mota ta dallo masa fitila, sai ya kusa tsayawa a tsakiyar hanya. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, domin wa zai dubi idon Baba ya ce masa ya ajiye makulli? Wata rana da almuru, yana ɗauke da 'yan zumuntar mata daga taro, ya afka wa wata tirela da ta lalace aka bar ta a gefen hanya. Allah ya taƙaita abin, ba a rasa rai ba, amma wata uwa mai goyo ta karye a cinya. Da aka kai Baba asibiti, likita ya tarar yana ta rufe masa idanu duka biyu.

A cikin waɗannan mutum biyu, wanda jama'a suka riƙa nuna wa yatsa shi ne wanda ba shi da hatsari, wanda kuwa aka miƙa wa rayukan iyayenmu mata shi ne wanda bai kamata ya fita da mota ba. Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: kallon mutum da ido ba ya nuna ko ya iya tuƙi. A gwada shi gwaji na gaskiya. Wanda ya ci a bar shi ya tuƙa, ko da da sanduna yake tafiya, wanda ya faɗi kuma a hana shi, ko da shi ne babba a gari.

Domin a gane dalilinmu, sai mu duba abin da tuƙi yake bukata daga ɗan Adam. Motar da take gudun kilomita 100 a awa ɗaya tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya tak. Ke nan idan yaro ya ɓullo da gudu, direba kuma ya makara da daƙiƙa biyu kafin ya gan shi ya taka birki, motar ta riga ta yi tafiyar da ta wuce rabin tsawon filin ƙwallo ba tare da ta rage gudu ba. Abin da yake ceton yaron nan shi ne ido mai gani sosai, da hankali wanda yake kan hanya, da saurin yanke shawara, da kuma hanyar da za a tsayar da motar. Wannan na ƙarshe ana iya yin sa da ƙafa, ana iya yin sa da hannu idan an gyara motar. Amma babu makanikin da zai ɗaura wa mota ƙarfen da zai maye gurbin ido ko hankali.

Dokar ƙasarmu ma ta gane haka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka kuma ya zama shugabanta na farko, ita take kula da tsarin lasin tuƙi tare da jami'an VIO da ofisoshin haraji na jihohi. A cikin rukunonin lasin akwai rukunin J, wanda aka keɓe musamman domin naƙasassu. Bugu da ƙari, a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Saboda haka gurgu ko mai hannu ɗaya wanda aka gyara wa abin hawa, ya koya, aka gwada shi ya ci, yana da cikakken 'yancin hawa titi, kuma ba daidai ba ne jami'i ya tsare shi ko fasinja ya wulaƙanta shi domin siffar jikinsa. Haka ma kurame. A ƙasashe da yawa, har da Amurka da Birtaniya, ana ba kurma lasin mota, domin yawancin abin da direba yake aiki da shi ta ido yake shigowa, kuma kurma ya saba da yawan duba madubi fiye da wasunmu masu kunnuwa biyu waɗanda waya take manne musu a kunne.

To su wane ne masu hatsarin? Mafi yawansu ba a gane su da kallo. Na farko su ne masu ciwon ido. Babban binciken da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 a kan mutane 'yan shekara 40 zuwa sama ya nuna cewa yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta, sai hawan jinin ido, wanda likitoci suke kira gilakoma, yake bi mata. Yana takan sa gani ya yi hazo, hasken fitila kuma ya riƙa kashe wa mutum ido da dare. Gilakoma ta fi ha'inci, domin ba ta cika zuwa da zafi ba, kuma ganin gefe take fara ci. Mai ita zai iya karanta allon da yake gabansa sarai, amma ɗan acaɓa da ya fito masa daga hagu ba zai gan shi ba sai sun haɗu. Shi kansa bai san ya rasa wani abu ba, sai ya rantse cewa babur ɗin daga sama ya faɗo.

Na biyu su ne masu larurar da takan ɗauke hankali farat ɗaya, kamar farfaɗiya, da yawan suma, da wasu cututtukan zuciya, da kuma mai ciwon suga wanda ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, sukarin jininsa ya faɗi ya ruɗe a kan hanya. A nan ma akwai gigin tsufa, wanda yakan sa mutum ya mance hanyar da ya bi shekara talatin, ko ya taka totur yana zaton birki ne.

Na uku su ne waɗanda suka naƙasa kansu da kansu na ɗan lokaci. Wanda ya sha burkutu ko ogogoro a bakin tasha kafin a yi lodi, da wanda ya haɗiyi tiramadol domin wai ya ƙara masa ƙarfi, da mai shan wiwi, da mai kwankwaɗar maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Har maganin mura na halal akwai wanda yake kawo gyangyaɗi. Kada kuma mu manta da barci. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, aikinsa yakan lalace kamar na wanda ya ɗan sha giya. Direban da ya kwana a hanya daga Legas, ya sauke, ya sake lodi da safe domin kasuwa ta buɗe, goron da yake taunawa ba zai biya masa bashin barci ba.

Na huɗu su ne waɗanda ba su taɓa koyon tuƙi yadda ya kamata ba. A ƙa'ida, mai neman sabon lasin dole ya kai shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, jami'in VIO ya gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Amma dukanmu mun san labarin wanda ya ba wani kuɗi da hoto, bayan 'yan makonni aka kawo masa lasin har gida. Mun san yaron motar da ya koya ta hanyar juya mota a tasha idan maigida ya tafi cin abinci, wanda bai san ma'anar layin da aka ja a tsakiyar titi ba. Irin wannan lafiyarsa ƙalau, idonsa garau, amma ya fi gurgun da muka ambata hatsari nesa ba kusa ba.

Da yake tsarin dokokin hanyarmu daga Turawan Ingila muka gaje shi, yana da kyau mu leƙa mu ga yadda su suke yi da wannan matsala. A Birtaniya dole direba ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Wanda ya kai shekara 70 sai ya riƙa sabunta lasinsa duk bayan shekara 3, yana bayyana halin lafiyarsa. Mai farfaɗiya kuwa ba a hana shi har abada, amma a ƙa'ida sai ya yi shekara guda ciwon bai tashi ba kafin a mayar masa da lasin ƙaramar mota, sharaɗin jan bas da manyan motoci kuma ya fi haka tsanani ƙwarai. Duk da haka tsarin nasu ya dogara ga mutum ya faɗi gaskiya, kuma sun ga abin da ɓoyewa take jawowa. Ranar 22 ga Disamba, 2014, a birnin Gilasgo, direban wata motar kwasar shara ya suma a kan sitiyari, motar ta bi ta kan jama'a masu sayayyar Kirsimeti, mutum 6 suka mutu. Binciken da aka yi ya gano cewa ya taɓa suma a 2010 lokacin da yake aikin jan bas, amma bai bayyana ba da ya zo neman sabon aiki.

A ƙasar dai, a watan Janairu na 2019, Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, yana da shekara 97, ya yi karo da wata mota mai ɗauke da mata biyu da jariri, ɗaya daga cikin matan ta karye a hannu. Kafin wata guda ya cika ya miƙa lasinsa da kansa. Idan mijin Sarauniya ya iya ajiye makulli ba tare da mutuncinsa ya zube ba, to babu dattijon da zai ce ajiyewa ta rage masa girma.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don haka ba za mu yi watsi da ita ba. Wasu za su ce tuƙi shi ne gonar direba, idan ka karɓe masa lasin ka rufe wa gida guda tukunya. Haka ne. Amma fasinjoji 18 da suke bayansa su ma kowannensu akwai tukunyar da take jiransa. Kuma gwaji ba kullum yake ƙarewa da hani ba, sau da yawa da magani yake ƙarewa. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma gani. Wani tabarau kawai yake bukata. Gilakoma idan an gano ta da wuri ana iya tsayar da ita da maganin ɗigawa, ko da yake abin da ta riga ta ci ba ya dawowa. Asibitin ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna suna wannan aiki shekara da shekaru. Direban da ya je da wuri shi ne yake tsare sana'arsa.

Wasu za su ce ai tsofaffi sun fi samari natsuwa, me ya sa za a sa musu ido? Wannan ma gaskiya ce, domin samari maza su ne kan gaba wajen gudun wuce sa'a da gangancin wuce mota a kwana. Shi ya sa ba mu ce a sa wata shekara wadda duk wanda ya kai ta za a kore shi daga titi ba. Akwai ɗan shekara 75 da ya fi ɗan 25 iya mota. Abin da muke cewa shi ne a gwada kowa, a kuma yawaita gwajin ido da lafiya ga wanda shekarunsa suka ja, domin a lokacin ne waɗannan cututtuka suka fi zuwa.

Wasu kuma za su ce duk wani sabon gwaji a ƙasar nan sabuwar ƙofar cin hanci ce. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta sa ba za mu jingina komai a kan gwamnati ba. Takardar likita da aka saya ba ta gyara ido. Saboda haka nauyin yana komowa kanmu, mu da muke zaune da direban nan a gida ɗaya, muke ganin abin da jami'i ba ya gani.

Me ya kamata mu yi ke nan? Iyali su ne na farko. Idan kun ga alamu a wurin mahaifinku, kamar yawan ƙarce a jikin mota, ko ɓatan hanya, ko tsoron fitilar dare, kada ku jira sai an kira ku daga asibiti. Ba a gaban jama'a ake wannan magana ba, kuma ba da tsawa ba. Babban ɗa ko wani aminin Baba ya same shi shi kaɗai, ya ce, "Baba, mu je a duba maka idon nan, ni zan kai ka." Idan ta kama ya daina tuƙi, to kada a bar shi zaune a gida kamar an ɗaure shi. A raba kwanaki tsakanin 'ya'ya da jikoki, wannan ya kai shi gona, wancan ya kai shi kasuwa da sujada, domin abin da tsoho yake tsoro shi ne ya zama mai roƙo.

Ikilisiyoyi da makarantu da ƙungiyoyin da suke da motoci su ma su gyara nasu. Kada a ba mutum makullin bas domin kawai shi ɗan'uwa ne mai aminci ko domin ba ya karɓar lada. A ga lasinsa, a sa wanda ya san mota ya zauna kusa da shi ya gwada shi, a kai shi gwajin ido sau ɗaya a shekara da kuɗin asusu. Idan tafiya mai nisa ce a sa direba biyu, kuma a daina tashi daga taro da dare domin gudun kuɗin kwana. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshi su kori masu sayar da kayan maye daga bakin tasha, su kuma samar da wani aiki, kamar yankan tikiti ko kula da lodi, ga tsohon direban da idonsa ya gaza, yadda ba zai ɓoye ciwonsa saboda tsoron yunwa ba. Hukuma kuma ta tabbatar ana gwajin ido na gaske duk lokacin sabunta lasin, ta kuma wayar da kan jami'anta game da 'yancin naƙasassu.

Mu fasinjoji ma da namu laifin. Mukan ji warin giya a bakin direba mu yi shiru domin mun riga mun biya kuɗi, wani lokaci ma mu ne muke zuga shi ya ƙara wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a kan hanyoyin duniya a shekara, hatsarin mota ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Sauka daga motar mashayi ka yi asarar kuɗin mota ya fi a sa ka cikin wannan lissafi.

Game da Baba kuwa, an yi masa aikin ido, ganinsa ya dawo har yana karatu da tabarau. Da kansa ya mayar wa dattawa makullin bas, ya ce ƙaramar motarsa da rana ta ishe shi, dare kuma ya bar wa yara. Yanzu shi ne yake zama kusa da duk sabon direban da za a ɗauka ya gwada shi, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Uwar da ta karye har yau tana ɗan ɗingishi, kuma duk lokacin da muka gan ta mukan tuna cewa da ɗayanmu ya yi ƙarfin hali ya yi wa Baba magana tun da wuri, da ba ta sha wannan wahala ba. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya.